Ranar da Na'ura Ta Katse Kumandan

Na lura da ku, duk na'urar da aka kawo shagon nan ta daskare, maɓallin kashewa hannunku yake fara nema. A kashe, a kunna, in ta tashi a ce an gyara. In ba ta tashi ba a goge komai a zuba sabo. Shi ya sa kuke cewa gyaran ordinata, wato kwamfuta, ba wuya, duk mai turnabis na kwance sukuru da kile na zuba shiri ya zama gwani. Tunda an ɗauke kuran, ba lantarki ba aikin da za mu yi, ku matso in gaya maku yadda na koyi wannan sana'a.

Ni da rediyo na fara, nan Tasawa, bakin kasuwa, wurin wani dattijo da ake ce ma Ɗan Tani. Kayan aikinmu ba su wuce ƙarfen dalma da ake ɗorawa kan gawayi ba, da turnabis, da wani tsohon burushin haƙori. Da ya ga hannuna ya faɗa, shi da kanshi ya tura ni Maraɗi wurin wani abokinshi, Mushe Habu, wanda ke kula da na'urorin ofisoshi. Ya ce mani rediyo ta kusa daina ciyar da mai gyara.

Aikin farko da Mushe Habu ya ajiye gabana, na'urar wani ɗan kasuwa ce mai sayar da gyaɗa. Allonta ya koma baƙi, cike da farin rubutu na Ingilishi da lambobi, ba ta jin komai. Na kai hannu zan kashe, ya buge mani hannu.

Ya ce, "Lawali, mara lafiya na faɗa maka inda ke mashi ciwo, kai kuma za ka toshe mashi baki?"

Ya yago kwali ya ba ni, ya ce in kwafe duk abin da ke allon, harafi bayan harafi. Ban san Ingilishi ba, karatuna na lakwal Faransanci ne, shi ma bai yi nisa ba. Na kwafe har hannuna ya yi tsami. Sannan ya zauna ya karanta mani layi layi, ya nuna mani sunan abin da ya jawo tsayawar. Memuwarta ce ta lalace, ƙaramin abu mai tsawon yatsa inda take riƙe abin da take aiki a kai. Da na kashe na goge, da lissafin mutumin na shekaru ya tafi a banza, cutar kuma tana nan.

Abin da ya koya mani ran nan shi ne gindin sana'ar. A cikin kowace na'ura akwai wani shiri da ke ƙarƙashin duk sauran, Faransawa na ce mashi nuwayo, wato ƙwallon cikin dabino. Shi ke raba ma kowane shiri wurin zamanshi a memuwar, shi ke ba kowa lokacinshi, shi ke magana da faifai da allo da duk abin da aka jona. Kowane kaya da aka jona yana da tafintanshi, wanda muke ce ma pilot, kuma tafintocin nan cikin ɗakin ƙwallon suke zaune. Kuskuren shiri na waje da sauƙi, ƙwallo ya kore shi aiki ya ci gaba. Kuskuren tafinta kuwa ɓarna ce a cikin gida.

Yadda yake ganewa kashi kashi ne. Wani lokaci porosesa, ƙwaƙwalwar ƙarfen, ita ke kai ƙara cewa an taɓa wurin da ba a ba kowa ba. Wani lokaci waɗanda suka rubuta ƙwallon ne suka dasa tambayoyi a hanya: in an zo nan abu kaza bai zama kaza ba, a yi magana. Akwai kuma mai gadi da ke jiran a leƙo shi lokaci lokaci, in ya ji shiru ya san wani ya maƙale. In abin ƙarami ne, ƙwallo ya rubuta gargaɗi ya wuce. In ya fi haka, ya kashe aikin da ya jawo, ya ci gaba yana ɗingishi. In kuwa ya ga shi kanshi ba abin yarda ba ne, sai ya tsaya cak. Wannan shi ake ce ma panik. Zai zubo sunan wurin da ya faɗi, da sawun hanyar da ya bi kafin ya kai can, kamar yadda makiyayi ke bin sawun akuya ya ga inda ta ratse. Amma ba ya rubuta wannan a faifai, don yana tsoron ya ɓata abin da ke ciki. A allo kawai yake faɗa. Ka kashe, maganar ta tafi.

Aikin da ban manta ba, a shekarar da damina ta gaza ne, sojoji kuma suka sake karɓar mulki. Na riga na dawo Tasawa na buɗe shagona. Hatsi bai yi ba daga Maijirgi har can arewacin Mayahi. Kafin bazara ta yi nisa rumbuna sun zama fanko, shanu na faɗuwa bakin hanya, magidanta na kulle ɗakuna suna gangarawa kudu. Aikinmu ma ya mutu, wa zai gyara na'ura bai ci ba? Gwamnati ta ce za ta kawo hatsi a sayar da rahusa gari gari, amma ba wanda ya san ranar sai an faɗa a rediyo. Mutane na ƙin sayen goro su sayi batir.

Akwai wata ƙaramar rediyon karkara a wani gari na ƙasar Mayahi, ba sai na faɗi sunanshi ba. Ni na haɗa masu na'urar da ke fitar da shirye-shirye, na zuba mata tsarin tafiyar da na'ura irin na kyauta. Shugaban gidan, Mushe Ila, tsohon malamin makaranta ne, kowa kuma ya san yana tare da jam'iyyar da aka tumɓuke. Mai riƙe da teburin sauti wata mata ce, Madam Haua. Ita ta kira ni wata safiya, muryarta ƙasa ƙasa.

Ta ce, "Malam Lawali, ka zo yau in da hali. An tafi da Mushe Ila."

Abin da ya faru shi ne, hafsan sojan da aka ɗora kan yankin, wanda kowa ke ce ma Kumandan, ya ɗauki sanarwar sayar da hatsi da muryarshi a wata ƙaramar rikoda, ya aiko soja da ita. Madam Haua ta jona ta da na'ura, ta saki. Kumandan ya yi sallama, ya gaida talakawa, ya fara cewa hatsi ya iso, sai murya ta yanke. Suka kashe suka kunna, suka ba masu sauraro haƙuri, suka sake saki. Ta sake yankewa kafin ya kai ga rana da wuri. Sojan ya zare rikodarshi ya tafi. Washegari aka zo aka rufe gidan, aka sa Mushe Ila a mota, aka ce shi ya sa a katse.

Na ɗauki jakata na hau motar kasuwa. A jakar akwai turnabis, da mita, da wata tsohuwar na'urar hannu da batirinta ya mutu, da wata waya mai baki tara da Mushe Habu ya ba ni ranar da ya sallame ni. A hanya an sauke mu a shingen sojoji, wani ya ɗaga wayar yana juya ta, ya tambaye ni ta mece ce. Na ce ta gyara ce. Ya daɗe yana kallona kafin ya mayar.

Na tarar da soja zaune bakin ƙofar rediyon, da mutane ƙarƙashin itacen bedi da amalankensu na jaki. Sun zo daga ƙauyuka tun da suka ji rabin sanarwa, ba su san ko su jira ko su koma ba. Jakunan ma ƙashi da fata. Madam Haua ta roƙi sojan ya bar mu mu shiga, da sharaɗin ba za a kunna emetar ba, wato injin da ke tura murya sama.

Na kunna na'ura ta tashi lafiya lau. Na buɗe inda take ajiye labarin abin da ya gudana, na bi har lokacin da abin ya faru. An jona rikoda, an gane ta, daga nan babu komai sai tashi na gaba. Wanda bai san aiki ba zai ce hannu ne ya zare waya, kuma haka soja zai ce.

Na tambaye ta, "Madam, da ta tsaya me kika gani?"

"Ba komai. Hoton na nan yadda yake, linzami ba ya motsi."

"Kilabiye fa? Wurin da kike buga rubutu?"

Ta ce, "Fitilu biyu na ta ƙyaftawa. Na ɗauka kuran ne ke wasa."

Fitilun nan su ne kukan ƙarshe na ƙwallo. In hoton da ke allo ya rufe mashi hanya bai samu wurin rubutu ba, da su yake nuna ya yi panik. Na san ke nan ba hannun mutum ba ne. Amma sanina ba hujja ba ne, ba kuma zan je in ce ma Kumandan wata mata ta ga fitila ba.

Na jona wayar nan mai baki tara tsakanin na'urar gidan da tawa, na gaya ma ƙwallo duk abin da zai faɗa ya riƙa turowa ta nan. Ko allo ya daskare, maganar za ta faɗo wurina. Saura abu guda, rikodar, ita kuwa tana hannun Kumandan.

Magajin garin ya raka ni ofishin Kumandan, amma a ƙofa ya tsaya, ya ce yana da wani uzuri. Kumandan mutum ne siriri, ba ya ɗaga murya, idonshi ja alamar bai samu barci ba. Takardu ne jibge gabanshi. Na gaishe shi na faɗi abin da ke tafe da ni.

Ya ce, "Kai wane ne a wurin Ila?"

"Ba kowa, ranka ya daɗe. Ni na haɗa na'urar."

"To in ba shi ba ne, kai ne ke nan."

Na ce, "Mai yiwuwa, ranka ya daɗe. Shi ya sa nake son a gwada."

Bai ba ni rikodar ba. Ya sa ta aljihu ya ce mu tafi tare.

Ɗakin watsa shirin ƙarami ne, an lulluɓe bangon da katifu don sauti, ga zafin bazara, fanka kuma ba ta aiki. Kumandan ya tsaya bayana, soja ɗaya a ƙofa. Madam Haua ta jona rikodar da wayarta, wata doguwa siririya. Na ga layi ya faɗo a na'urata, an gane ta. Ta saki. Muka ji sallama, muka ji gaisuwa, muka ji hatsi ya iso, muka ji rana da wuri, har ya yi addu'a ya rufe. Na'ura ko gezau.

Na ce a sake. Aka sake, ta kai ƙarshe.

Kumandan ya ce, "Lafiyarta ƙalau. To hannu ne."

Rigata ta manne da bayana. Na duba allona, ba gargaɗi ko ɗaya. Irin wannan cuta ita ce mafi muni a sana'armu, wadda ke zuwa in ta ga dama, in likita ya iso ta ɓuya. Abin da Mushe Habu ke cewa shi ne, kada ka tambayi na'ura, tambayi abin da ya canza. Na juya wurin Madam Haua na ce ta duba ɗakin da kyau, me ya bambanta da ran nan. Ta dubi tebur, ta dubi mikiro, sannan ta dubi akwatin ƙarfen da ke kusurwa.

Ta ce, "Ran nan muna kan iska. Emetar na kunne."

Na bi wayar rikodar da ido. Ta zagaya bayan tebur ta kwanta kan kakkaurar wayar da ke hawa eriya. Daga aikin rediyo na san ƙarfin da ke bin wannan waya yana shiga duk siririyar wayar da ba ta da rufi mai kyau.

Na ce, "Ranka ya daɗe, sai an kunna emetar."

"Ka san me kake roƙo? In an kunna, ƙasar nan duka na ji."

"Na sani."

"In ta yanke, ka sa an katse ni karo na uku gaban jama'a. In ba ta yanke ba, ka tabbatar mani da laifin mutuminka."

Na ce haka ne. Ba ni da wata hanya, ba mu da abin da ake toshe eriya da shi a gwada a ɓoye. Ya leƙa taga wajen masu amalanke, ya daɗe, sannan ya ce ma Madam Haua ta kunna.

Emetar ya ɗauki gurnani. Ta matso mikiro ta yi sallama, ta ce ga sanarwa daga hukuma. Ta saki. Daga waje muka ji rediyon wani mai shayi ta kama, muryar Kumandan na shigowa ta taga tana bin ta cikin ɗaki. Idona na kan allona. Ya gama gaisuwa ba abin da ya faru. Ban san abin da zan roƙa ba, mutanen waje na bukatar ta kai ƙarshe, Mushe Ila na bukatar ta yanke.

Sai layi ya faɗo: rikoda ta ɓace. Wani ya biyo: ta dawo. Ta sake ɓacewa. Kumandan na cewa hatsi ya iso, rubutu ya zubo ya cika allona, murya ta ɗauke a ciki da waje. Fitilu biyu suka fara ƙyaftawa.

Madam Haua ta kai hannu wajen maɓalli. Na ce, "Kar ki taɓa."

Ba wanda ke kusa da na'urar, hannuwanmu duka a fili suke, Kumandan kuma ya gani. Na juya mashi allona na sa yatsa. Na nuna mashi inda rikodar ta yanke na ƙiftawar ido saboda ƙarfin emetar. Na nuna mashi sunan tafintan rikodar, wanda ya koma ɗaukar sauti daga wurin da aka riga aka share, porosesa ta kai ƙara. Na nuna mashi sawun, da layin ƙarshe inda ƙwallo ya ce abin ya same shi tsakiyar aikin da ba a katsewa, don haka ya tsaya. Ya sunkuya ya karanta da kanshi. Kalmar panik ba ta bukatar fassara.

Ya ce, "Me ya sa ba ta ci gaba hakanan ba? Rabin minti ya rage."

Na ce, "Ba ta san iyakar ɓarnar ba, ranka ya daɗe. In ta ci gaba tana iya lalata duk abin da ke faifai. An gina ta ne ta tsaya ta faɗa."

"Rikodata ce ke nan."

"Wayarta ce, da tafintan. Da kuma ni da ban raba wayoyin nan ba tun farko."

A waje hayaniya ta fara tashi. Ya tambayi Madam Haua ko mikiro na bi ta cikin na'urar, ta ce a'a, kai tsaye yake zuwa tebur. Ya cire hularshi ya ajiye, ya ja kujerar Mushe Ila ya zauna, ya ce ta buɗe. Ba takarda a hannunshi. Ya faɗi ranar, ya faɗi wurin, ya faɗi ƙauyukan da za su fara, ya maimaita a hankali yadda tsohuwa za ta riƙe. Na'ura na gefenshi a daskare, fitilunta na ƙyaftawa, har ya gama.

Da zai fita ya tsaya a ƙofa ya ce mani, "Ka gyara ta."

Gaskiyar magana ban gyara ta ba, don ni ba mai rubuta ƙwallo ba ne, karanta shi kawai na iya. Na ɗauke wayar daga kusa da ta eriya, na yanko wata gajera mai rufi, na hana wannan tafintan tashi gaba ɗaya. Na yi masu wata waya ta sauti da ƙarfen dalma, wadda za ta kai rikoda tebur ba tare da ta bi na'ura ba. Rubutun da na kama na aika ma Mushe Habu, shi ya tura ma masu tsarin, ban san abin da suka yi da shi ba.

Ba a saki Mushe Ila ran nan ba, sai da aka yi kwanaki, don takardarshi ta riga ta wuce sama. Da ya fito ya zo har nan Tasawa ya gaishe ni, ya rame, bai ce komai game da inda ya kwana ba, ni ma ban tambaya ba. Bai koma rediyo ba. Madam Haua ce ta riƙe gidan har aka yi ruwa.

Washegarin gwajin na kamo hanyar gida. Motarmu ta lalace a wani ƙauye, muka sauka muna jiran direba ya ɗaure abin da zai ɗaure. Rabin gidajen garin an jingine ƙofofinsu da ƙaya, masu su sun tafi tun kafin sanarwar. Sai ga wani dattijo a amalanke, da buhuna fanko a ɗaure, rediyo rataye a wuyanshi da igiya. Ya tsaya ya gaishe mu, ya roƙi ruwa ya ba jakinshi kafin shi ya sha. Wani fasinja ya tambaye shi ina zuwa da rana haka.

Ya ce, "Wurin hatsi. Gara in kwana can in jira."

Fasinjan ya ce, "Baba, ka tabbata? An ce rediyon nan yankewa take."

Dattijon ya gyara zama ya kaɗa jakinshi. Ya ce, "Ta yanke. Amma mutumin ya dawo ya faɗi ranar."